Ranar da Kujerata ta Toshe Lungu a Gwammaja

Ba zan taɓa mantawa da ranar jerena ba, kuma ko na so in manta, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Amma bari in faro daga neman gida, don daga nan abin ya samo asali.

Lokacin da aka sa mana rana ni da Nura, dukkanmu ɗalibai ne. Ni ina nazarin adabi a jami'a, can yamma, sai an fita ta Ƙofar Kabuga an miƙa hanyar Gwarzo. Shi kuma yana koyon aikin jinya a wani asibiti can gabas, wajen Nasarawa. Babana ya yarda a yi auren kafin mu gama, amma da sharaɗi guda: kada ya ji an ce karatun ɗayanmu ya samu tangarɗa saboda nisan gida. Gidan su Nura kuwa a cike yake, babu inda za a sa amarya, don haka haya za mu kama.

Nura mutum ne mai sauƙin lissafi. Ya ce, "Mu nemi Kabuga. Bakin titi ne, kina fitowa ga abin hawa. Ni ma in na yi sammako ba zan sha wuya ba."

Na ɗaure fuska irin ta mai adalci na ce, "Haba Nura, ni a kusa, kai a nesa? Zuciyata ba za ta natsu ba. Tsakiya za mu nema."

Ya ji daɗin maganar har ya faɗa wa abokansa irin matar da Allah ya ba shi. (Allah ya yafe mini.)

Gaskiyar magana ita ce, a Dala aka haife ni. Daga tsakar gidanmu, in kana shanya, ɗaga kai kawai za ka yi ka ga dutsen. Da safe ja yake kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta, da damina ya yi ɗan kore-kore a gefe, da yamma kuma shirwa su yi ta kewaya shi. Tun ina ƙarama nake yi masa waƙoƙin da ban taɓa nuna wa kowa ba. Aure bai ba ni tsoro ba, amma in farka in ɗaga kai in ga allon talla da wayoyin lantarki, wannan kam ya hana ni sukuni.

Sai wani dillalin gidaje ya kai mu Gwammaja. Muka bar titi muka shiga lungu, lungun ya karya kwana ya sake tsukewa, ga kwata a tsakiyarsa, sai da muka jera ɗaya bayan ɗaya. Nura yana gaba yana cewa, "Nan ko babur sai ya yi sallama." Ni ban ma ji shi sosai ba, ƙamshin turaren wuta da ke fitowa daga wani zaure ya riga ya tafi da ni. Ciki da falo ne a saman bene. Dillali ya tura taga, sai ga Dala tsaye a ciki kamar an rataye hoto.

Nan take na ciro waya na buɗe taswira. Na ɗora babban yatsa a kan makarantarmu, na ɗora manuniya a kan asibitinsu, na ce, "Ka gani? Tsakiya cif." Taswira dai ba ta nuna cunkoso, ba ta kuma nuna cewa sai ka yi tafiyar ƙasa kafin ka ga adaidaita sahu. Nura ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "To, in nan ya kwanta miki."

A al'ada, kafin a sayi kayan ɗaki, mata daga dangin amarya sukan je su ga gida, su auna wajen gado da labule, su ga ta inda kaya za su shiga. Wannan aikin a gidanmu na Gwaggo Lami ne, ƙanwar Baba, wadda idonta ba ya kuskure. Na san in ta ga lungun nan magana ta ƙare. Da na ji ƙafarta ta tashi kwana biyu, sai na je dubiya da tef ɗin awo a jaka, na ce, "Gwaggo, ki huta abinki. Na auna komai, ga shi a waya."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin. Har matakalar bene na auna."

Ta ce, "Oh, zamani. Amarya da auna ɗakinta." Amma ta karɓa. Kuma wallahi na auna ɗin: falo, ƙofa, matakala, taga har sau biyu. Lungu ne kawai ban auna ba, don a ganina lungu ba ɗaki ba ne.

Ranar jere ina gida a ƙuryar ɗakin Umma, inda aka ɓoye ni kamar yadda ake ɓoye kowace amarya. Mai lalle ta gama zana mini hannu har gwiwa, an wanke, ya kama ya yi ja. Gobe za a kai ni. Amarya ba ta zuwa jerenta, ba ta ganin ɗakinta sai an kai ta, wannan ko yarinyar goye ta sani. Ina kwance ina tunanin kalar da labulen zai yi in rana ta doke shi, sai na jiyo Umma a tsakar gida tana waya.

"Ta maƙale? Kamar yaya ta maƙale? Lami, kujera ce fa, ba ƙashin kifi ba."

 Na jira hankalin mutane ya koma kan tukwane, na zura hijabin wata 'yar uwata har ƙasa, na ɗaura niƙabi, na cusa ƙafa a safa, na sulale. Daga gidanmu zuwa Gwammaja ba nisa. A raina wai zan leƙa kawai in dawo, ba wanda zai sani.

Tun daga titi na hango akori-kura da taron mutane. Gado da sif a kwance suka zo, sun shige. Ƙananan kujeru ma an karkata su sun shige. Doguwar ce, mai cin mutum uku, wadda Umma ta je da kanta ta zaɓar mata yadi ruwan zuma, ta tsaya a kwanar lungu ta ce ba gaba ba baya. An miƙar da ita tsaye, an kwantar, an karkace, har ta cije tsakanin bango da bango, kanta a sama, ƙafarta ɗaya a kwata. Mai ruwa da kurarsa ya maƙale a ciki. Ga la'asar ta kawo jiki, dattawan lungu suna son fita masallaci. Ina kallo wani tsoho ya tattare babbar rigarsa ya sunkuya ta ƙarƙashin kujerata yana cewa, "Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya."

Gwaggo Lami tana gaba, ta ɗaure ɗamara da mayafi, tana ba masu ɗauka umarni. Na raɓe a bayan mata 'yan kallo, kusa da wata Hajiya doguwa mai zanen Barebari a kumatu, tana ƙamshin humra. Ta juyo ta dube ni.

"'Yan mata, a lungun nan kike?"

Na maƙe murya na ce, "A'a Hajiya, wucewa nake."

"To tsaya ki ga ikon Allah. Wai amaryar ce da kanta ta zaɓi gidan, ita ta yi awo. 'Yar jami'a ce."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma tsoron kada a gane ni ya sa na ga ya kamata in nuna ba ruwana da wannan amarya. Na girgiza kai na ce, "Ai Hajiya 'yan bokon nan sai addu'a. Kansu yana sama, ba sa kallon ƙasa."

Ta yi dariya har da dafa kafaɗata. "Allah ya yi miki albarka. Ke kam da ganinki an yi miki tarbiyya."

A daidai lokacin wani ya ce a tura da ƙarfi gaba ɗaya. Suka tura. Na ji ƙarar yadi yana gogar siminti, ƙiiii, kamar a jikina. Ban san sanda na kutsa gaba ba, na fito da hannu biyu daga hijabi na tare gefen kujerar, na ce da muryata ta ainihi, "Wayyo, ku bi a hankali, Umma ce ta zaɓa!"

 Hannun hijabi ya zame, ga lalle nan har gwiwa, sabo fil, irin wanda mutum ɗaya kaɗai ake yi wa a gidan biki. Gwaggo Lami ta dubi hannun, ta dubi idona ta tsagar niƙabi.

"La ilaha illallahu. Ke! Uban me kike yi a nan?"

Hajiyar nan ta matso a hankali. "Lami, wace ce?"

Gwaggo ta rufe baki da mayafi. "Hajiya Yagana, surukarki ce."

Yayar baban Nura ce, wadda ta raine shi, wadda aka yi ta ja mini kunne cewa in na gan ta in durƙusa har ƙasa, kada in ɗaga ido. Na durƙusa kuwa, a bakin kwata, hannuna ɗaya yana riƙe da kujera don na rasa inda zan sa shi.

Hajiya Yagana ta ce, "Ikon Allah. Ashe 'yar bokon da kanta nake hira da ita. To sannu da wucewa."

Mata suka fashe da dariya, wata har da guɗa. Ni dai addu'a nake kwatar nan ta buɗe ta tafi da ni.

Hajiya ta ce, "Tunda kin kawo kanki, gaya mini. Duk faɗin Kano, me ya kawo ki nan?"

Na ce, "Hajiya, tsakiya ne. Tsakanin makarantarmu da asibitinsu."

Ta ɗaga murya ta saman kujera. "Kai Nura, kana ji?"

Sai a lokacin na lura da wata hula tana leƙowa daga ɗaya ɓangaren. Ashe ya kawo mukulli tun da hantsi, kujera ta rufe shi a ciki.

"Ina ji, Hajiya."

"Daga nan abin hawa nawa za ka hau?"

"Biyu."

"Ita fa?"

"Ita ma biyu."

"Da a Kabuga ne fa?"

Hular ta nutse, ta sake ɗagowa. "Ita ɗaya. Ni ma in an dace ɗaya."

"To wannan wane irin tsakiya ne, kowa ya wahala daidai wa daida? Gobe in Alhaji babanki ya ce an karya masa sharaɗi, me za mu ce masa? Ko dai a kwashe kayan a nemi wani gidan?"

Jin haka na manta da kunya. Hawaye ya jiƙa niƙabin, na ce, "Don Allah Hajiya kar a kwashe. Taga ce. Ana ganin Dala ta ciki."

"Ana ganin me?"

"Dala."

 Ta sa aka ja kujerar baya, da ƙyar da salati ta fito, gefenta ya goge. Mai ruwa ya samu hanya, Nura ya wuce mu kansa a ƙasa kamar bai taɓa ganina ba. Hajiya ta kama hannun Gwaggo suka shiga, ta ce ni in tsaya nan, ba a kawo ni ba tukuna. Suka jima. Da ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Na ga Dalar taki. Tana nan inda muka bar ta tun muna yara, ba ta ƙara tsawo ba." Ta gyara mayafi. "Biki gobe, ba inda za mu samu gida yau. Ki zauna ki yi ta kallon dutsenki, amma a ƙasa, don kujerar nan komawa za ta yi. Ranar da kuwa na ji ɗayanku ya faɗi jarrabawa, da kaina zan zo in toshe tagar da bulo. Lami, mai da ita gida kafin a ce amarya ta gudu."

Haka aka sa ni a gaban akori-kura, kujerata a baya, muka koma Dala tare.

Mun zauna a gidan nan har muka gama karatu, kuma tsoron bulon Hajiya ya yi mana amfanin da nasiha ba za ta yi ba. Ana idar da asuba muke shiri. Mu fito lungu ɗaya bayan ɗaya, shi a gaba da farar rigarsa a leda kada ta ɓaci, ni a baya da littattafai a ƙirji. A bakin titi mu sayi ƙosai mai zafi mu raba, shi ya tsallaka ya nufi gabas, ni in tsaya jiran mai zuwa yamma. Na sha isa lacca a makare da taɓo a bakin zane. Amma da yamma in mun dawo a gajiye, mukan baje a kafet inda ya kamata doguwar kujera ta zauna, kowa da littafinsa, maƙwabta suna jiyo mu muna yi wa juna tambayoyin jarrabawa. Ban taɓa zama a wurin da ya kai wannan daɗi ba, har yanzu da muka koma Kabuga, inda mota take tsayawa a ƙofar gida.

Abin da na koya dai bai da yawa. In za ki duba gida, ki dubi ta inda za a shiga kafin ki dubi abin da ake hangowa. In gwaggonki ta ce za ta je awo, ki bar ta ta je ko da a goye ne. In kuma wata baƙuwar Hajiya ta fara yi miki gulmar amarya a bakin lungu, ki ce "Allah ya kyauta" ki ja bakinki, musamman in ke ce amaryar.