Rasuwar Ɗan Baƙi, Dutsen Bindigar Ɗantani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi nauyi har mai shi ya daina jin sa, iyalan Malam Ɗantani maharbi na Toranke suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Baƙi, dutsen ƙanƙarar da ke ƙyasta wa bindigarsa wuta. Ya rasu ranar jajiberin ƙaramar Sallah, bayan magariba, a bakin aikinsa.

Marigayin bai fi kan babban yatsa girma ba. A kasuwar Gaya Ɗantani ya same shi, a tiren wani tsoho mai sayar da duwatsun ƙyastu. Ya yini tsugune yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana haska su a rana, har tsohon ya gaji ya tambaye shi ko mata ya zo zaɓa. Mai jijiya a jiki ya ture shi gefe, mai fari-fari ma haka. Wannan kuwa baƙi ne wuluk, sumul, bakinsa siriri har haske na ratsa shi, da aka goga shi a bayan wuƙa sai tartsatsi ya zubo jajir. Tsohon ya rasu tuntuni, kuma daga Gaya har Ajingi babu wanda ya gaji tiren nan.

Gidan su Ɗantani ne ke harba bindigar ganin wata a Toranke tun zamanin kakansa. In azumi ya kama ko Sallah ta zo, sai an ji ta ake sakankancewa. Ɗan Baƙi ya riƙe wannan amana shekara da shekaru. Ba shi da surutu, maganarsa ɗaya ce, ƙyas, sai bindiga ta amsa masa, daram! Bai taɓa sa an ja kunama sau biyu ba.

Ba shi da ci, mai ma ko ɗigo ba ya so a jikinsa. Buƙatarsa guntun fatar akuya da ake naɗe shi a ciki kafin ƙarfe ya damƙe shi, sai busasshen tsumma. In bakinsa ya dakushe, Ɗantani ya ɗan ƙwanƙwasa shi da guntun tagulla, a hankali kamar mai yanke wa jariri farce. Da damina a gwangwanin toka yake kwana don kada sanyi ya taɓa shi. Hanne, matar gidan, ta sha faɗa cewa ita dai ba a taɓa tambayar ta ko ɗakinta na yoyo ba.

'Yan shekarun nan samari a waya suke jin labarin wata. Bana har mai unguwa ya yi shawarar ko a hutar da Ɗantani haka nan. Ɗantani ya ce atafau, waya ba ta isa ga tsofaffi da matan cikin gida, kuma ranar da bindigar nan ta yi shiru za a ga yadda gari zai rikice. Har zuciyarsa ya yarda da haka.

Jinyar gajera ce. Sagiru, ɗan Ɗantani mai gyaran babur a Gaya, ya zo gida Sallah ya tarar da bindiga a jingine, ya taɓa dutsen ya ji yana ɗan girgiɗi. To, wanda ya tashi yana ɗaure noti ai ba ya ganin abu na girgiɗi ya wuce. Ya zare tsohuwar fatar a zatonsa datti ce, ya sa filaya ya ɗaure tamau, ƙarfe kan dutse, har da shafa masa ɗan baƙin mai. Wallahi taimako ya yi niyya.

Da labarin wata ya iso, Ɗantani ya fito ƙofar gida da bindiga a ɗure, ya ɗaga ta sama, ya ja kunama. Ƙwas. Ɗan Baƙi ya dare ya zube ƙasa. Ɗantani ya tsuguna ya tsince gutsattsarin, bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba, bai ma ji komai ba. Ya zauna a dakali yana jiran gari ya rikice, a zo a tambaye shi ko lafiya. Yara suka wuce a guje suna ihun gobe Sallah, maƙwabta suka ɗora tukwane. Babu wanda ya tsaya.

Washegari a filin Idi mai unguwa ya kama hannunsa da hannu bibbiyu ya ce, “Malam Ɗantani, sannu da ƙoƙari. Jiya kam bindiga ta yi ƙara, har cikin ɗaki na ji ta.”

Ɗantani ya ce, “Madalla, ranka ya daɗe.”

Marigayin ya bar bindiga guda a bayan ƙyaure, har yau da albarushin ranar a cikinta. Ya bar Hanne, wadda ta daina tsokana. Ya bar Sagiru, wanda ya zagaye kasuwar Ajingi kaf ya dawo da aljihu cike da tsakuwar rafi, kowacce aka goga sai ta marmashe. Wani maƙeri ya ce a kawo bindigar ya mayar da ita mai tashi da kan ashana, Ɗantani bai ce to ba, bai ce a'a ba. Abin da aka ba shi yake ci, in an gaishe shi ya amsa.

Za a binne marigayin ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin tsamiyar bayan gida, cikin ɗan farin ƙyalle. Babu wanka, babu salla, babu zaman makoki, dutse ne. Wanda ya samu zuwa an gode, Allah ya ba da lada. Roƙo ɗaya iyalan suke yi: a gaisa da mai gidan a wuce, kada kowa ya ce masa ya ji ƙarar bindiga ranar jajibere.