Inuwar da Ba Ta da Lasisi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Daidaita Mazaunin Masu Ƙananan Sana'o'i, uban masu tebur, gatan masu faranti, Allah ya ƙara wa kujerarku laushi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da fankar ofis. Ni ce Mubaraka Iliasu, mai fura da nono a gindin darbejiyar nan ta bakin hanyar Kpandai, a nan Salaga. Na rubuto ne a kan jan fentin da yaranku suka shafa wa bishiyar, da sanarwar cewa ranar Alhamis za a sare ta. Mahaifiyata, Mma Safura, ita ta dasa ta shekarar da aure ya kawo ta daga Bawku, ta raine ta da ruwan wanke ƙwarya. A gindinta ta yi sana'a har ta miƙa mini ludayi. Yanzu idonta ya tafi, amma kullum sai na riƙo hannunta ta zo ta zauna, tana gane masu ciniki da muryarsu. Ku yi mini haƙuri in jero kokena.

Na ɗaya. Ni da ƙafata na je na yanki lasisi, ba wanda ya kamo ni. Ma'aikacinku ya zo da hantsi, ya tarar da teburina a yammacin bishiya, ya zagaye ƙafafunsa da farin fenti, ya ce nan ne shagona a idon doka. Madalla. Sai dai, ranku ya daɗe, inuwa ba ta yini wuri ɗaya. Rana na karkatawa sai ta koma gabas, mu ma mu ja tebur da benci da Mma mu bi ta. Haka ake yi tun ban san hannun damana ba. Da la'asar wani ma'aikacin ya zo, ya ga zanen fenti babu kowa, ya gan ni a ɗaya gefen. Nan take ya rubuta mini laifi biyu: na rufe shago ban sanar da hukuma ba, kuma na buɗe sabon reshe babu izini. Wallahi na ji daɗi a raina, ban taɓa sanin ina da reshe ba.

Na biyu. Da na je yin bayani, sai aka tura ni wani ɗaki inda aka tabbatar mini cewa duk sana'ar da ke motsi talla ce, don haka lasisin 'yan talla ya kamace ni. Na yanka. Washegari aka kama ni a zaune, alhali ɗan talla ba ya zama. To ina tambaya cikin ladabi: mace mai lasisin zama da lasisin yawo, wadda aka hana ta zama kuma aka hana ta yawo, tsugunne za ta yi? In tsugunnen ma yana da nasa lasisin, a gaya mini ɗakin.

Na uku. Na ce bari in bi doka sau da ƙafa. Na kafe a cikin zanen fenti tun safe har yamma, rana na dukan ƙwarya. Ƙanƙara ta narke, nono ya yi tsamin da ko akuya ta sunsuna sai ta kau da kai. Direbobin motocin doya da suka saba tsayawa suka kurɓa, suka dube ni, suka yi mini addu'a. Sai ga duba-gari, ya ba ni sammacin sayar da lalataccen abinci. Ya kuma shawarce ni, cikin tausayi, in riƙa ajiye nono a inuwa.

Na huɗu. Na sayo lema. Ai kuwa sai aka ce na ta da gini babu takardar izinin gini, tunda abu ne mai ginshiƙi da rufi. Aka rubuta mata da jan fenti cewa a dakatar da aiki. Na naɗe ta, aka ce na yi rusau ban nemi izini ba. Haba, ranku ya daɗe! Lemar tana nan a ɗaki rabi a buɗe, don ban san matsayinta a shari'a ba.

Na biyar, kuma nan ne zuciyata ta ɓaci. Ƙanena Jalil ya kai ni wurin wani lauya a Yendi. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a fahimtarsa ba ni nake motsi ba, rana ce, kuma da wuya a samu masinjan kotun da zai kai mata sammaci. Ya rubuto muku haka. Ni na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ku kuma, da zurfin tunaninku, sai kuka kafa kwamiti. Kwamitin ya zo ya yi zama a gindin bishiyar, ya sha furata, ya ja kujerunsa ya bi inuwa har gabas kamar kowa, sannan ya yanke cewa tunda ba a iya kama rana, kuma ba a iya kama inuwa, to a kama wadda ta haifi inuwar. Ita ce kaɗai a cikinmu ba ta taɓa gusawa daga inda aka ajiye ta ba. Shin ladan bin doka ke nan?

Ban musa hikimarku ba, Allah ya kiyaye. Na zauna na duba, lissafinku daidai ne. In babu bishiya babu inuwa, in babu inuwa ba zan motsa ba, in ban motsa ba na bi doka. Nono ba zai kai azahar ba, masu ciniki za su watse, shagon zai mutu, amma zai mutu a cikin zanen fentinsa, takardunsa cikakku. Na tabbata a duk faɗin Salaga ba za a samu shago mai ladabi kamarsa ba.

Gaskiya ina jin zafi, kuma ba zan ɓoye muku ba. Amma ba na roƙon ku canza hukunci, don na ji an ce canza hukunci sai an kafa wani kwamitin, ni kuwa furata ba za ta isa ba. Buƙatuna biyu ne kawai.

Ta farko, ku bar mini kututturen. Ba ya inuwa, ba ya motsi, a rubuta lasisin da sunansa, kowa ya huta.

Ta biyu ta fi nauyi. Ranar da aka shafa jan fentin, Mma ta ji warinsa, ta shafa jikin bishiyar, hannunta ya ɓaci. Ta tambaye ni mene ne. Sai na ce hukuma ce ta sa mata alamar girmamawa saboda daɗewarta. Tun ranar take sa muku albarka bayan kowace salla, har ta sa an kira 'yan'uwanta na Bawku a waya ta ba su labari. Ta ji an ce manya za su zo ranar Alhamis, ta ce in wanke mata farin mayafinta, in dama fura ta musamman.

Na wanke, zan kuma dama. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a ta da injin yanka, ku turo ma'aikaci ɗaya daga cikin masu iya bayanin doka, ya durƙusa ya gaya mata abin da ya kawo ku. Ni na gwada, bakina ya ƙi. Ba za ku sha wahalar samunta ba. In da safe kuka zo tana yamma, in da la'asar ne tana gabas.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa ofishinku fenti, ya sa ku gama aiki lafiya ku koma inuwa.

Taku mai biyayya a zaune, a tsaye, da duk yadda doka ta ga dama,

Mubaraka Iliasu,
Mai fura da nono,
Gindin darbejiya, Salaga, zuwa ranar Alhamis.