Ɗigo Guda Ya Kayar da Dakta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na koma ƙasarmu ta Bagudo da taƙamar bincike. Malamin jami'a ne ni, aikina nazarin jajayen ƙwayoyin jini, musamman na masu sikila. Sai dai akwai sirrin da ko ɗalibaina ba su sani ba: tsoron allura nake kamar raina zai fita. Jinin da nake aiki da shi a 'yan kwalabe ake kawo mini, da lamba a jiki, ban taɓa tsayawa na ga inda ake ɗibarsa ba.

Shekara biyu na yi ina neman izinin gwada jinin yaran wani ƙauyen masunta kusa da Illo, don iyaye su san masu ciwon tun da wuri. Muka isa ni da Sista Saratu, nas ɗin da ke ɗibar jinin, damina na gab da yanke hanya. In suka ƙi a ranar, aikin ya mutu ke nan.

Ashe labari ya riga mu zuwa. Masu cin kasuwa a tsallaken Benin sun dawo da zancen wai akwai masu yawo da farar riga suna sayar wa matsafa jinin yara. Muka tarar da maza cike a ƙofar Maigari, wasu da mashin kamun kifi a hannu (an ce daga kogi suke, amma ni dai ban yarda ba). Na yi bayani har da zane, ba wanda ya ko gyaɗa kai.

Maigari ya ce, "Dakta, mun san mahaihinka, mutumin kirki na. Amma ɗiyanmu ba a taɓa su sai an hwara da kai. In babu cuta ciki, miƙa hannunka mu gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan mai sauƙi ne." Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Gumi ya jiƙa mini riga, ga masu mashi nan a gabana, ga allura a gefena, kuma wallahi allurar na fi tsoro.

Saratu ta kama yatsana ta goge da auduga. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Dakta, ka kau da kai." Girman kai ya hana ni. Ta soka, na ga jan ɗigo ya taso, na ji kunnuwana sun toshe.

Na farka a kan tabarma, ƙafafuna a ɗage kan turmi, hulata a can gefe, jikina sharkaf da ruwan randa. Wata tsohuwa tana yi mini fifita tana dariya har da hawaye.

"Ku dibi wanga bawan Allah," in ji ta. "Ɗigo guda yak kashe shi ƙasa awa buhu. Shi na za ya sai da jinin mutane? Saratu, zo ki ɗebi na jikata."

Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci. Ni kuwa ina jingine da bango ana ba ni fura, duk wanda aka soka sai ya zo ya nuna mini yatsansa ya ce, "Sannu Dakta, Allah shi ba ka lahiya."

Binciken ya fito, har ƙarin girma ya jawo mini. A wurin da ake bayyana yadda aka samu amincewar jama'a na rubuta cewa an yi zaman fahimtar juna. Darasin da na koya shi ne, abin da digirina uku suka kasa yi, sumana ya yi shi cikin minti biyu. Amma yanzu kafin na miƙa yatsa a gaban mutane, sai na fara neman tabarma na zauna.