Barcin da Ya Hana Ni Sallama da Ɗakin Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi bankwana da garinmu da minshari.

Lokacin an gama gina dam na Bakolori, an kwashe mu zuwa tudu a wajen Maradun, ruwa yana hawowa kan tsohon gari a hankali. Aka samo mota za ta kai mata su kwaso abin da ya rage. Ni ba kaya zan kwaso ba. Ɗakin da Innata ta haife ni, ta kuma rasu a ciki, shi nake son in ƙara shiga. Na cika baki na ce in na ga mai aunon ƙasa a can sai na faɗa masa abin da ba zai iya maimaitawa a gida ba. (Baki kam Allah ya ba ni. Karatu ne ban samu ba sai daga baya.)

Ana jibi tafiya haƙorin nan na can ƙurya, mai fitowa bayan mutum ya girma, ya kumbura mini fuska. A asibitin Talata Mafara sai da aka tsaga dasashi kafin ya fito. Malamin asibiti ya ba ni ƙwayoyin rage zafi, ya yi bayani, ya ma rubuta a jikin takarda. Na yi ta gyaɗa kai, kunnena na kuwwa, girman kai ya hana ni cewa ya sake faɗa.

Mu dai a wurinmu in aka ba ka ƙullin magani, jiƙa shi ake yi gaba ɗaya. Da safen tafiya zafi ya taso, na daka abin da ya rage, na zuba a kunu, na shanye.

Na tuna hawana mota. Na tuna aminiyata Hajo tana gyara mini wuri. Shi ke nan.

Da na buɗe ido rana ta yi sanyi, muna ƙofar sabon gida, ina kwance tsakanin tukwane da azarar mutane, yawu ya jiƙa mini gyale. Mata na ta dariya, idanunsu kuwa jajur.

"Mun iso?" na ce.

"Mun iso, mun komo," in ji Hajo. "Ke ɗiyar Inna, mi kika sha? Mun yayyafa miki ruwa, mun girgiza ki. Mai aunon ma ya leƙo, ya tambaya ko gawa muka ɗauko."

Daga baya malamin asibiti ya ce Allah ne ya yi da sauran kwanana.

Da mata suka watse, Hajo ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ɗan ɓaren jar ƙasa.

"Daga bangon da gadon Inna yake," ta ce. "Ruwa ya kai dokin ƙofa."

Motar ba ta sake komawa ba.

Har yau tsofaffin ƙawayena Mai Minshari suke kirana, ina amsawa. A shekarar da abin ya faru na shiga ajin yaƙi da jahilci. Yanzu ko ƙwayar ciwon kai aka ba ni sai na karanta, na tambaya, na sake tambaya, har mai shago ya gaji. Ya gaji ɗin. Shi ruwa bai ci ɗakin uwarsa yana barci ba.