Igiyar Waifa a Hanyar Faskari

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi karɓar wa ƙanena aure a Faskari ba. Ni ne wakilin ango, kuma Inna ta ja mini kunne in je fes, don kada surukai su raina gidanmu. Na sha farar shadda, na shiga tashar Ƙanƙara, na kame kujerar gaba (wai kada 'yan baya su yamutse mini guga).

Muna tafe sai na ga a wayata cewa a Ingila an ɗan zuba dusar ƙanƙara, motocin haya duk sun tsaya cak. Sai bakina ya buɗe. Na juya ina yi wa fasinjoji lacca, na ce wannan sakarci ne, ƙasa guda ta durƙushe saboda abin da bai kai idon sawu ba.

Wani dattijo a baya ya ce, "Yaro, abin da ka zuwa sau guda a shekara, wa zai aje mashi kayan aiki?"

Na ce, "Baba, mai hankali kullum a shirye yake." (Allah ya yafe mini, har da ɗaga yatsa.)

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗu, a tsakiyar rani. Ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, gilashi ya rufe ruf. Na ce wa direba ya kunna waifa. Ya ce injinta ya mutu tun kaka, shi da ya bari sai damina ya gyara. Ya fita ya ɗaure waifar da igiya biyu, ya riƙe ɗaya, ya miƙo mini ɗaya ta taga.

"Malam, aikin mai gidan gaba ne. In na ja, ka saki. In na saki, ka ja."

Haka na zage gilashi, hannu a waje, ina ja ina saki, 'yan baya suna ba ni kiɗa da "ja, Malam, ja." Ana cikin haka wata tirela ta wuce, ta kwaso jan taɓo ta watsa mini tun daga hula har cinya. Wallahi na ji kamar in yi kuka.

Na isa wurin ɗaurin aure rabi fari rabi ja, ina raɓewa da bango don a ga ɓangaren kirki. Liman ya nemi waliyyin amarya, sai ga dattijon nan na cikin mota ya matso, a bushe ƙayau, ya sauya riga daga 'yar ledarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mun ba su, Liman. Gidan masu shiri ne."

An ɗaura aure lafiya, amma har yau a gidan surukan sunana Mai Shiri. Yanzu ko rana na tsaga ƙasa, kujerar baya nake zama, da riga a leda, bakina kuma a rufe.