Yadda Malam Ilu Ya Ceci Jatau da Garin Sabulu

Da sunan Mahaliccin tudu da gulbi, ga tarihin gwarzon zamani, Malam Ilu ɗan Mamuda ɗan Gagare ɗan Sarkin Ruwa Bawa, jinin mazajen da suka riƙe gaɓar kogi da homa da gora, waɗanda in suka yi gyaran murya a bakin ruwa tarwaɗa kan nemi rami, giwan ruwa ya yi bankwana da iyalinsa. Malam Ilu ke nan, garkuwar fayil-fayil, mai makullin sito a aljihun gaba, Mataimakin Jami'in Kula da Kayan Aiki a Ofishin Kyautata Muhalli na garin Gangaren Kuka, sadaukin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, amma ya gaji sanin kifi a jini, kamar yadda yakan shaida wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi.

Asalin al'amarin, Hajiya Yelwa, Daraktar ofishin, ita ta sayo akwatin gilashi ta girke a ɗakin karɓar baƙi, da tsakuwa a ƙasansa, da ɗan inji mai hura iska cikin ruwan, da wani ɗan jan kifi na ado da ma'aikata suka laƙaba wa suna Jatau. Da tafiyar kwas ta taso mata, sai ta kira gwarzonmu ta ce, "Malam Ilu, ga amanar Jatau. Abincinsa na cikin gwangwanin nan, abin da ka tsakura da yatsu ya ishe shi wuni. Injin nan kuma kada a..."

"Ranki ya daɗe," in ji shi, yana murmushin manya, "jikan Sarkin Ruwa ake koya wa kifi?"

Hajiya ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya tuna masa cewa kakannin nasa kashe kifi suka shahara da shi, ba rayawa ba.

Daga nan fitina ta kunno kai, kuma ta ƙofar alheri ta shigo. Mutanenmu ba sa cin abinci ido na kallonsu ba su yi tayi ba, shi kuwa Jatau Allah bai halicce shi da fatar ido ba, kallo yake yi babu ƙiftawa. Uwani mai buga takardu ita ta fara karaya. Ta buɗe ledar ƙosai, ta ɗaga kai suka haɗa ido, kunya ta kama ta, ta ce, "Jatau, bismillah," ta gutsura ta jefa masa. Malam Ilu ya yi nazarin gwangwanin Hajiya, ya yanke hukunci cewa wannan rowa ce irin ta 'yan boko, kuma ba a zamaninsa za a ce baƙo ya rame a hannun zuriyar Bawa ba. Sai ƙofofin ciyarwa suka buɗe: masa da safe, burodi da hantsi, dambu da rana, guntun tsire in wani ya yi baƙo. Soket ɗaya ke aiki a ɗakin, shi ne na injin iskar, saboda haka aka zare injin bisa maslahar al'umma, aka jona cajar waya.

Ruwa ya yi hazo, ya koma kore, ya fara tsami. Jatau ya taso sama yana buɗe baki yana rufewa, numfashi yake nema, domin ruɓaɓɓen ƙosai ya cinye iskar da ke cikin ruwan. Ma'aikata suka taru a kansa cikin tausayi. "Wayyo, dubi bakinsa," in ji Uwani, "har yanzu bai ƙoshi ba." Aka ƙara masa masa.

A lura, wannan ofishi ne mai cike da masu digiri, mai buga takardun gargaɗi kan illar zuba shara a kogi, kuma kowane ma'aikaci na riƙe da wayar da za ta ba shi amsa kafin shayinsa ya huce. Ko ɗaya bai tambaya ba. Tambaya a wurinmu ƙasƙanci ce, kyakkyawar niyya kuwa ta wadatar, ko da mai karɓar alherin na shaƙewa a gabanmu.

Sai labari ya iso cewa Hajiya na kan hanya, gobe za ta shigo ofis. Malam Ilu ya dubi koren ruwan, ya ga amana na lilo, ya ga sunan kakanninsa na shirin nutsewa a akwatin da bai fi kamu biyu ba. Nan take jinin Gagare ya motsa. Ya tura hula ƙeya, ya naɗe hannun riga da ƙafar wando, ya naɗa kansa amirul jaishi, wato sarkin yaƙi, ya buɗe sito da hannunsa mai albarka ya fito da makamai: soso, garin sabulu, da bokitin goge ƙasa.

"Yau ko ni ko dauɗa!" ya yi ruri. "A kawo matacin shayi!"

Aka kawo. Ya kai hari ta gabas, Jatau ya zille yamma, ya kai ta sama, Jatau ya shige bayan tsakuwa, ruwa na fallatsa a gaban rigar amirul jaishi, rundunarsa na kabbara daga nesa don kada takalmansu su jiƙe, har Allah ya kawo nasara aka cafke majinyacin aka tsunduma shi a bokiti. Sannan gwarzo ya fuskanci abokin gaba na haƙiƙa. Ya kwarar da tsohon ruwan kaf, ya zazzaga garin sabulu babu ƙyashi, ya dirje gilashi har ya yi ƙara, ya wanke tsakuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyaran shinkafar biki, kumfa ta yi toroƙo ta gangara har ƙofar Darakta, ƙamshi ya game sansani. Da ya tambayi ko da mai sayar da kifin, da an gaya masa cewa kaɗan ake rage ruwan a ƙara wanda ya kwana, cewa sabulu guba ne ga kifi, ruwan famfo kuma ɗanyensa na ɗauke da maganin da ke ƙona masa wurin numfashi. Amma wa ya isa ya tsayar da mayaƙi a tsakiyar fama?

"A buɗe famfo!"

Aka cika akwati fal, ruwa garau kamar hawaye, aka mayar da Jatau fadarsa cikin girmamawa. Ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta a gefe guda.

"Hutawa yake yi," in ji Malam Ilu yana haki. "Haka suke."

"Marar lafiya ai sai kunu," in ji Uwani, ta tsiyaya masa cokali guda.

Kafin la'asar Jatau ya juya ciki sama. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, sannan wani ya ce kwana ne ya ƙare, sauran suka amsa da ajiyar zuciya, kowa ya ji sanyi a ransa. Abin da suka aikata da hannuwansu suka tattara suka jingina wa ƙaddara, suka yi wa juna ta'aziyya, suka watse.

Washegari Hajiya Yelwa ta shigo, direbanta na biye da ita da wata leda mai ruwa. Malam Ilu na tsaye jikin bango. Ta tsaya gaban akwatin da ke walƙiya.

"Kai, Malam Ilu, irin wannan tsafta! Ina Jatau?"

"Ranki ya daɗe, rai ya yi halinsa. Amma wallahi bai tafi da yunwa ba."

"Allah sarki," ta ce. Ba ta tambayi komai ba, ita ma. "Ni da na sayo masa abokai don kada kaɗaici ya dame shi. To, tunda kai ka iya kula da wurin, ga su nan."

Ta shige ofishinta. Aka juye sababbin kifaye biyu cikin ruwan, Malam Ilu ya gyara zaman hula, ya zare injin iskar da Hajiya ta jona a wucewarta, domin wayarsa ta kusa mutuwa. Uwani ta buɗe ledar ƙosai, ta ɗaga kai, ta ga idanu na kallonta.

"Baƙi," ta ce, "bismillah."