Miliyan Ɗaya da Sha Ɗaya a Zauren Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hauwa ba, lokacin ina neman aurenta. Malami ne a cikin gari, wanda ake ɗauko shi har daga Tirwun idan rabon gado ya gagara. Ni kuwa sabon malamin lissafi ne a wata sakandare a Fadaman Mada, kai ya kumbura da digiri.

Na durƙusa a zaure, muka gaisa, ga abokansa dattawa biyu a kan tabarma. Malam ya ce, “Ɗana, an ce lissafi kake koyarwa?”

Da mai hankali ne, sai ya ce “E, Allah gafarta Malam,” ya sunkuyar da kai. Ni sai na gyara zama. Na shiga bayanin cewa lambobi ma dangi-dangi ne: akwai mai cika, akwai mai mara, akwai kuma wadda ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. (A daren da ya gabata na haddace wata babba irin ta ƙarshen nan, miliyan ɗaya da uku, don irin wannan rana.) Amma da baki ya buɗe, sai na ji na ce, “Misali miliyan ɗaya da sha ɗaya. Duk duniya babu mai iya raba ta daidai.” Har da ƙarawa, “Ko masu rabon gado.”

Malam ya ja carbinsa sau biyu.

“A ce shanu ne,” in ji shi, “magada kuma maza uku. Kowa ya kora dubu ɗari uku da talatin da uku, da ɗari uku da talatin da bakwai. Ko akwai wadda ta yi saura?”

Na ce ai ba zai yiwu ba (ka ji fa, gardama da suruki). Na zura hannu ƙarƙashin babbar rigar da na aro, na danna waya a ɓoye. Wayar ba ta ji kunyata ba: 333,337, babu ko ɗigo. Abin takaicin ma, a makon nan na koya wa ’yan aji ɗaya cewa in ka tara alƙaluman lamba suka ba da uku, to uku na raba ta. Har bulala na yi a kai.

Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo ya ce, “Malam, tambayi na'urar tasa ko ta yarda.”

Na tashi da gumi har cinya, na sa takalmin wani na fita.

An dai ba ni Hauwa. Malam ya ce yaron da ya yi ƙarya ya kuma tsaya ya duba, zai gyaru. Shekara shida ke nan, duk sallah in na je gaisuwa sai ya tambaye ni ko an samu sabuwar lambar da ba ta rabuwa. Na koyi cewa ilimin da aka haddace jiya da dare, a bar shi ya kwana biyu kafin a kai shi gidan surukai.